Fosfet, Mabuɗin Shingen Hanji

Abincin da muke ci, tare da ɗimbin bakteriya da ke zaune cikin hanji, babban abin da ya raba su da jininmu shi ne shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta, wadda masana ke kira efitiliyam. Wannan shimfiɗa aiki biyu gare ta: ta bar ruwa da abinci su shige, ta kuma tare guba da ƙwayoyin cuta. To, ƙaƙa shinge ɗaya zai yi duka biyun? Abin da darasinmu na yau zai duba ke nan.

Ƙwayoyin efitiliyam a jere suke, kuma can kusa da bakin kowace ɗaya akwai wani ɗinki da ya kewaye ta, ya manne ta da maƙwabtanta. Shi ake kira matsattsiyar mahaɗa. Marilyn Farquhar da George Palade ne suka bayyana siffarta a 1963. A 1986 aka gano furotin ZO-1 a cikinta, sa'annan Shoichiro Tsukita da abokan aikinsa a Japan suka gano okuludin a 1993, da kulaudin a 1998. Kulaudin, mai iri fiye da 20 a jikin ɗan Adam, shi ne ainihin zaren ɗinkin. Shi kuwa ZO-1 yana ɗaure kulaudin da okuludin a jikin wani zobe na aktin da miyosin, dangin furotin ɗin da ke motsa tsoka, wanda ya zagaye ƙwayar daga ciki.

Wannan ɗinki yakan saki, yakan kuma tsuke, gwargwadon bukata. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin sarrafa shi ita ce liƙa fosfet. Wani inzayim mai suna kinas yakan ciro fosfet daga sinadarin ATP ya liƙa wa furotin, sai siffarsa ko aikinsa ya canza. Wani kuma, fosfatas, yakan cire fosfet ɗin, furotin ya koma yadda yake. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan a Amurka cikin shekarun 1950, aka ba su lambar Nobel a 1992. Jikinmu yana da kinas iri fiye da 500.

Misali na farko shi ne lokacin da gulukos da sodiyam suke shiga ƙwayar hanji tare, ta ƙofar da ake kira SGLT1, wadda ita ce ruwan gishiri da sukari ke dogaro da ita wajen ceton mai gudawa. Shigarsu takan ta da wani kinas mai suna MLCK, ya liƙa wa miyosin fosfet, zoben ya tsuke. Ku ɗauka an jera buhunan gero gab da juna. In aka tsuke bakin kowanne, ai sarari zai bayyana tsakanin wuyansu. Haka mahaɗa ke ɗan saki, ruwa da ƙananan sinadarai su wuce ta tsakanin ƙwayoyin. Jerrold Turner da abokan aikinsa suka nuna wannan a 1997.

Misali na biyu ya nuna cewa wurin da aka liƙa fosfet shi ma abin lura ne. Okuludin da ke zaune daram cikin mahaɗa yakan ɗauki fosfet da yawa a kan serin da tiriyonin, biyu daga cikin tubalan da aka gina furotin da su. In fosfatas ya cire su, sai okuludin ya bar mahaɗa. Amma in a kan tubali na uku, wato tairosin, aka liƙa fosfet, sai riƙonsa da ZO-1 ya yi rauni. Fosfet ɗin ɗaya ne, amma a nan ya ƙarfafa, a can ya kwance.

Cuta ma ta wannan hanya take bi. Wani nau'in bakteriyar E. coli da ake kira EPEC, mai sa wa jarirai gudawa a ƙasashe masu tasowa, yakan sa a liƙa wa miyosin fosfet fiye da kima, a kuma cire na okuludin. Sai shinge ya yi yoyo, ruwa da gishiri su tsiyaye cikin hanji, gudawa ta ƙaru. Haka nan a ciwon kumburin hanji na Crohn, sinadarin TNF yakan ƙara yawan MLCK.

Tambaya ga ɗalibai: in likita ya sami maganin da zai hana MLCK aiki gaba ɗaya, wace riba majinyaci zai samu, wace asara kuma zai yi? Malamai su tattauna wannan a aji.