Yadda Ake Riƙon Injin Tsohuwar Peugeot 504 a Ƙasar Ƙura da Zafi

Takieta, babban garin gundumar Garagumsa, a mararraba yake zaune. Babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi da Tasawa, ta nan take wucewa zuwa Damagaram, kimanin kilomita 50 gabas, wata kuma ta ɓalle kudu zuwa Matamaye har iyakar Najeriya. A irin waɗannan hanyoyi, da na ƙauye masu rairayi da ke reshe daga gare su, har yanzu akan ci karo da tsohuwar Peugeot 504, wadda kowa ke ce wa Fijo, ta sha buhunan gero da wake tana nishi tana tafiya. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta ci gaba da harhaɗa ta shekaru masu yawa bayan Turai ta bar ta. Idan injin irin wannan mota ya kwanta, akan ce tsufa ne. Ni ban yarda ba. Ƙura ce da zafi suke kashe shi, kuma duka biyun ta ƙofofin da direba ke da ikon tsarewa suke shiga.

Kafin ka ɗauki sifana, ka san ƙirar abin da ke gabanka. Injin fetur na 504 da ya fi yawa iri biyu ne: mai cc 1796 da mai cc 1971. Silinda huɗu ne a jere, an kwantar da injin ya kishingiɗa gefe guda, kuma sarƙa ce ke juya sandar bawul, ba bel ɗin da zai tsinke maka a daji ba. Gangar injin baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa, wanda makanikan Damagaram ke kira kilas, na alminiyam ne. Silindojin ba a jikin gangar aka huda su ba. Riguna ne na ƙarfe da ake zurawa a zare, ruwa yana zagaya su kai tsaye. Wannan ƙira ita ce sirrin daɗewarsa, domin idan riguna sun cinye sai a sauya su tare da fistin, inji ya dawo ɗanye. Ita ce kuma rauninsa, domin alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa idan ya ji wuta, tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta karkatar da kilas ta ƙone gaskit.

Mataki na farko iska. Kowace lita ta fetur sai ta haɗu da kimanin lita 9,000 ta iska kafin ta ƙone yadda ya kamata. Ka auna wannan da hunturu, lokacin da hazo ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi ya rufe Damagaram har rana ta koma kamar faifai, ko da motar da ke bin bayan wata a hanyar laterit. Duk ƙurar da ta tsallake matatar iska tana zama kamar garin dutsen wasa wuƙa tsakanin zoben fistin da rigar silinda. Idan matatarka irin mai tukunyar baƙin mai ce, wadda aka sa wa motocin da aka yi domin Afirka, kwance ƙasan tukunyar kowane mako a hunturu, ka sa yatsa ka ji kaurin laka da ta kwanta, ka zubar, ka wanke ragar da kananzir, ka bar ta ta tsane, sannan ka zuba sabon mai daidai layin da aka zana, kada ya wuce. Idan ta takarda ce, kakkaɓe ta a hankali, ka ɗaga ta ga rana. In ka hangi huda ko da ta kan allura ce, ta gama aiki. Sannan ka bi tiyon da ya haɗa matata da kafireta da hannu. Tsaga ɗaya a nan ta ɓata duk wahalar da ka sha.

Mataki na biyu ruwa, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Kowace safiya, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto ka duba. Ba yawan ruwan kaɗai za ka duba ba, har launinsa. In ya yi ja kamar kunun kanwa, tsatsa na cin rigunan silinda. In ka ga mai na yawo a samansa, ko kumfa na tasowa bayan an tayar da inji, gaskit ya fara sallama. Dubi robar murfin: ita ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, kuma murfin da ya mutu, ko tsumma da aka cusa a madadinsa, yana iya sa lafiyayyen inji ya tafasa a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Damagaram ke haura digiri 40. Danna bel ɗin fanka da babban yatsa. Ya ɗan lotsa kamar faɗin yatsa guda, kada ya fi haka. Wanke saƙar lagireto daga baya zuwa gaba domin ƙaiƙayi da ƙwari su fita ta inda suka shigo. Sau ɗaya a shekara, kafin bazara, zubar da ruwan duka ka ɗauraye har sai ya fito garau.

Za a ce ai ruwa ruwa ne, na rijiya ma ya isa, balle a ƙasar da samun na sha ma aiki ne. Maganar tana da nauyi, amma dubi cikin butar shayin da ta shekara tana dafa ruwa mai gartsi: farin ɓawon nan da ya manne mata shi ne ke toshe siraran bututun lagireto, ya kuma lulluɓe cikin kilas har zafi ya kasa fita. Mafi kyau shi ne ruwan lagireto na kanti, saboda maganin tsatsa da ke cikinsa. Wanda bai samu ba, ya tari ruwan sama da damina ya tace ya ajiye a jarka. Za a kuma ce a cire tamostat, ɗan bawul ɗin nan da ke tsare ruwa har sai inji ya ɗumama, wai kayan ƙasar sanyi ne. Masu faɗin haka sun ga abin da suka gani: tamostat da ya maƙale a rufe yana dafa inji cikin mintuna. Sai dai maganin wanda ya lalace sabo ne. Injin da babu shi yakan daɗe bai yi ɗumi ba da asubar hunturu, fetur da bai ƙone ba ya riƙa wanke man jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Gwajinsa ba wuya: jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ka ga ya buɗe tun kafin ruwan ya tafasa. In kuwa allura ta hau ja kana tafe, tsaya, kashe inji, ka jira. Kada ka buɗe murfi, kada ka kwara ruwan sanyi a kan kilas mai zafi.

Mataki na uku baƙin mai. Injin yana cin kimanin lita 4, kuma mai lamba 20W-50 ya dace da shi a wannan yanayi. Auna shi a wuri mai daidai, ka goge sandar awo ka sake zurawa kafin ka yarda da abin da ta nuna. Kada juye ya wuce kilomita 5,000, kuma ga motar da ke yini a hanyar ƙasa ina ganin 3,000 ya fi, tare da sabuwar matatar mai kowane karo. Murza ɗigo guda tsakanin yatsu biyu: in ka ji tsakuwa-tsakuwa, ƙura na shiga, in ya yi fari kamar nono, ruwa ya haɗu da shi, kada motar ta ƙara ko taku ɗaya. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro ba wanda ya san asalinsa, araha kuwa ba ta ado.

Fetur ba ya buƙatar dogon bayani. Tun 2011 matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram take tace ɗanyen man Agadem, amma wanda mai ya yanke masa a ƙauye dole ya sayi na kwalba a hannun 'yan ruwa-ruwa. In ta kama, ɗaga kwalbar ka duba gindinta, ka tace da kyalle mai tsabta, ka kuma sa ƙaramar matata a kan tiyo kafin kafireta.

Mataki na gaba wuta da bawul. Tazarar bakin buji milimita 0.6 ce, ta bakin kwantak da ke cikin dalko 0.4. Wuta na bin silinda 1, 3, 4, 2, kuma a ƙidayar Peugeot silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wajen kuloci, abin da ke rikita yaran gareji da suka saba da motocin Japan. Launin buji labari ne: ruwan ƙasa lafiya, baƙi busasshe fetur ya yi yawa, baƙi mai maiƙo zobe ya cinye, fari fat kuwa inji na ƙuna. Bawul ana saita shi ne bayan inji ya kwana ya huce sarai: milimita 0.10 ga na shigar iska, 0.25 ga na fitar hayaƙi, da siraran ƙarafan awo, ba da kunne ba. Direbobi na son inji shiru, har su sa a matse bawul, alhali wanda aka matse ba ya zama daram a kujerarsa ya sauke zafi, ƙarshensa ƙonewa.

Idan ta kai ga buɗe kilas, ka tsaya a kan aikin. Ka roƙi Malam makanike da girmamawa kada a juya inji sai an danne rigunan silinda, domin in suka motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa zai riƙa zuba cikin mai bayan an gama ɗauri. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kilas a ga ko ta karkace. A ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, a kuma koma a sake ɗaure su bayan motar ta ɗan yi tafiya.

Saura masu cewa duk wannan wahala ce, a sayar a sayi ta zamani. Gaskiya ne sabbin injuna sun fi tsimin fetur nesa ba kusa ba, kuma kayan gyaran Fijo na asali sun yi wuya, jabu ya cika kasuwa. Wanda ke da hali ya sauya. Amma wanda motar nan ce abincin gidansa ya sani cewa babu kwamfuta a cikinta, babu abin da makaniken Takieta ko Matamaye ba zai iya kwancewa a gindin bishiya ba. Kai mai Fijo, kafin hunturu ya shigo: wanke matatar iska, sayi sabon murfin lagireto, ka mayar da tamostat inda aka cire shi.