Wanda Ya Bar Taba Ya Koma, Shin Tubarsa Ta Ɓaci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani al'amari ne da yakan auku kowace shekara bayan ƙaramar Salla. Mashayin taba ya shiga watan Ramadan, ya ga ashe yana iya wuni tun daga alfijir har faɗuwar rana bai sa kara a baki ba, sai ya ɗaura niyya, ya ce shi da sigari har abada. Wani har da dafa Alƙur'ani. Ya yi wata guda ko wata uku yana riƙe da alkawari. Ran nan ya zauna wurin mai shayi, wani tsohon aboki ya miƙo masa kara ɗaya, ya karɓa. Kafin mako ya zagayo ya koma sayen kwali. Daga nan sai kunya ta rufe shi, ya ce ai hali zanen dutse ne, ya jingine maganar dainawa ɗungum. To, wannan yanke ƙauna ta fi karan da ya zuƙa haɗari, domin karan ya ƙone ya ƙare cikin minti biyar, ita kuwa tana iya riƙe shi shekara ashirin.

Hukuncin taba ba ya bukatar dogon bayani. Ba a san ta ba a zamanin Annabi da sahabbai. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso ƙasashen Musulmi wajen shekara ta 1000 bayan Hijira, malamai kuwa suka yi saɓani a kanta. Ahmadu Baba na Tambutu ya halatta ta, Ibrahim al-Laƙani na Misira ya hana, dukansu kuwa Malikawa ne. Waɗanda suka halatta a wancan lokaci ba su san abin da likitoci suka gano daga baya ba. A 1950 binciken Richard Doll da Bradford Hill a Ingila ya nuna dangantakar sigari da ciwon dajin huhu, yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. Saboda haka ne mafi yawan malaman zamani suka tafi a kan haramci, bisa ƙa'idar hana cutar da kai da cutar da wani.

Amma tambayar da ke damun wanda ya koma ita ce: shin tubar da ya yi da farko ta zama ƙarya? Amsa ita ce a'a. Sharuɗɗan tuba uku ne, kamar yadda Imam Nawawi ya kawo su a Riyadus Salihina: barin laifin, da nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba. Mai karatu ya lura da sharaɗi na uku. Abin da aka nema shi ne ƙuduri na gaskiya a lokacin tubar, ba a ce sai mutum ya ba da tabbacin abin da zai faru gobe ba, don wannan ba a hannunsa yake ba. Idan ya tuba da zuciya ɗaya, sannan daga baya rauni ya rinjaye shi, tubar farko tana nan daram, komawar kuwa sabon laifi ne mai neman sabuwar tuba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin bawan da ya yi zunubi ya nemi gafara, ya sake, ya nemi gafara, ya kuma sake, Ubangijinsa yana gafarta masa kowane karo saboda ya san yana da Ubangiji Mai gafara kuma Mai kamawa da laifi. Aya ta 135 ta Suratu Ali Imrana ta yabi waɗanda idan sun zalunci kansu sukan tuna Allah su nemi gafara, ba sa dogewa. Abin zargi ke nan, dogewa. Aya ta 53 ta Suratuz Zumar kuma ta hana ko da masu yawan laifi fid da rai daga rahamar Allah. Wanda ya faɗi sau biyar ya tashi sau biyar ba mai dogewa ba ne. Mai dogewa shi ne wanda ya faɗi sau ɗaya ya gyara kwanciya.

Sanin yadda taba take kama jiki yana rage wa mutum zargin kansa da munafunci. A cikinta akwai wani sinadari da ake kira nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin sakan 10 zuwa 20 bayan an zuƙi hayaƙi. Ƙwaƙwalwa takan saba da shi, har idan ta rasa sai mutum ya ji ƙunci da saurin fushi da rashin barci. Wannan wahala ta fi tsanani a makon farko, sannan ta riƙa raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu. Abin da yakan daɗe shi ne sabo: bayan cin abinci, ko lokacin ɓacin rai, ko ganin wani ya ƙyasta ashana. Shi ya sa mutum yakan koma bayan wata uku, alhali jikinsa ya riga ya huta. Likitoci sun san cewa galibin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada sau da yawa kafin su dace. Kuma kwanakin da aka yi ba a sha ba, ba su tafi banza ba, domin cikin awa 12 da barin taba gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iska takan sauka, wanda kuma ya cika shekara guda haɗarin ciwon zuciya gare shi yakan ragu da kusan rabi.

Sai maganar rantsuwa. Wanda ya rantse da Allah ba zai ƙara sha ba, ya kuma sha, kaffara ta hau kansa kamar yadda aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta tsara: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. A mazhabar Maliku mudu ɗaya ne na mudun Annabi ga kowane miskini, kuma kaffara ɗaya ce, ba a kan kowane kara ba, sai fa in ya yi nufin maimaitawa tun lokacin rantsuwar. Mutane da yawa sukan tsallake ciyarwa su tafi ga azumi alhali suna da hali, wannan kuwa kuskure ne. Wanda ya fi muni shi ne mai rantsewa da igiyar aurensa don ya tsorata kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa irin wannan rantsuwa abin horo ce, kuma sakin yana aukuwa idan an karya ta. Ba hankali ba ne mutum ya jingina zaman iyalinsa ga karan sigari.

Wanda zai sake ɗaura niyya, ya yi a ranar da ya faɗi, kada ya jira wani Ramadan. Ya zauna ya tambayi kansa: a ina abin ya faru, da wa ake tare, me ya ɓata masa rai? A hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya cika na 100, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai tsaya nan ba, sai da ya umurce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Mashayi ba sai ya bar gari ba, amma ya bar bencin da ya saba zama, ya zubar da ragowar kwali, ya ba da ashanarsa. Sha'awar takan taso ne ta lafa cikin 'yan mintoci, to ya cika mintocin da alwala, ko asuwaki, ko kofin ruwa, ko azumin Litinin da Alhamis tunda ya riga ya gwada ya ga azumi yana taimakonsa. Zuwa wurin likita ba raunin imani ba ne. Akwai cingam da filasta masu ɗan nikotin da ake ragewa sannu a hankali, akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa. Komawa ga shisha ko taba gari kuwa sauya wa tuzuru suna ne.

Iyali da abokai su ma suna da nasu rabo. Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa akwai wani sahabi da ake yawan kawowa gaban Annabi saboda shan giya. Ran nan wani ya la'ance shi don yawan komawarsa, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Wannan fa a kan giya ne, wadda haramcinta ya zo a nassi ƙarara. Uwargidan da ta ji warin hayaƙi a rigar maigida bayan wata uku, in ta ce masa da ma ta san ba zai iya ba, ta taya Shaiɗan aiki. Gara ta tuna masa cewa ya yi kwana casa'in bai sha ba, ta tambaye shi yaushe za a fara sabon lissafi.