Aiki Ɗaya, Garuruwa Uku

'Yan'uwa ɗalibai, a ce malamai uku za su tsara jarrabawa tare: ɗaya a Ƙauran Namoda, ɗaya a Shinkafi, ɗaya a Zurmi, ga hanya ba tsaro. Manhajoji uku sun ishe su:

1. WhatsApp: tura saƙon murya da hoton takarda.
2. Google Docs: takarda ɗaya, kowa na gyarawa daga garinsu.
3. Zoom: taro ana ganin juna, na kyauta minti 40 ne.

Amma a tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara. Saboda haka kowa ya san aikinsa tun farko, ya kuma ajiye kwafi a wayarsa.