Ƙwayar Cutar da Ke Jiran Bango Ya Tsage

Ba kowace ƙwayar cuta ce ke shigowa jiki daga waje ba. Akwai waɗanda suke zaune lafiya lau a cikin jikin dabba, ba sa yin ɓarna sai ranar da garkuwar jiki ta yi rauni. Dama Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ita ce Pasteurella multocida, wadda aka raɗa wa sunan Louis Pasteur, masanin nan na Faransa. A shekarar 1880 ne ya bayyana cewa idan aka bar wannan ƙwaya ta tsufa a ɗakin gwaji, ƙarfinta yakan ragu, har a yi wa kaji rigakafi da ita.

Mazauninta shi ne hanci da maƙogwaron shanu da tumaki da kaji, da kuma bakin kyanwa da kare. Saniya takan yi watanni tana ɗauke da ita ba tare da ko tari ba. Amma idan yunwar rani ta rame ta, sannan ruwan farkon damina ya buge ta, ko aka yi doguwar tafiya da ita a cunkushe cikin mota, sai ƙwayar ta hayayyafa ta kutsa cikin jini. Daga nan sai zazzaɓi, da dalalar miyau, da kumburin wuya, numfashi ya gagara. Sau da yawa dabbar kan mutu cikin kwana guda, kafin likitan dabbobi ya iso. Shi ya sa ake yin allurar rigakafi tun ruwa bai sauka ba.

Abin da ya faru a Kazakistan cikin watan Mayu na 2015 ya girgiza masana. Barewar da ake kira saiga fiye da 200,000 suka mutu cikin kimanin mako uku, a daidai lokacin haihuwarsu. Bincike ya nuna cewa ƙwayar da ke maƙogwaronsu ce ta juya musu baya, bayan wani zafi da laimar iska da suka wuce ƙima.

Ɗan Adam kuwa yakan same ta ne galibi ta cizon kyanwa ko kare. Haƙorin kyanwa siriri ne, yakan cusa ƙwayar can ciki, sannan bakin raunin ya rufe. Kafin awa 24 wurin ya kumbura ya yi ja. Tsofaffi da masu ciwon hanta ko na sukari su suka fi shiga haɗari. A wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. Har yanzu fenisilin da danginsa suna kashe ta.