Ɗan Ɗaki a Bayan Akori-kura: A Fara da Sikeli Kafin Walda

Daga lokacin da aka sare gero har zuwa faɗuwar ruwan farko, akwai mutanen da kwanansu a gida ƙalilan ne. Mai injin casa yana bin kaka ƙauye-ƙauye daga Makoɗa har Kunchi. Makanikin injin ban-ruwa yana zarya tsakanin masu noman rani na dam ɗin Thomas da na Watari a Bagwai. Ɗan kasuwa ya ci Ɗambatta ran Lahadi, wayewar gari yana kan hanyar wata. Yawancinsu a gaban mota suke kwana a takure, ko su shimfiɗa tabarma a gindinta, kayan aiki kuwa suna zube a baya, ƙura da raɓa suna ta ci. Don irin waɗannan bayin Allah nake wannan rubutu: yadda za a ɗora ɗan ɗaki a bayan akori-kura, ya zama makwanci kuma ma'ajiyar kayan aiki. A Amurka da Ostareliya masu yawon shaƙatawa ne ke ƙera irinsa. Mu nan neman abinci ne ya fitar da mu, kuma motar nan ɗaya ita ce za ta kai amfanin gona kasuwa, saboda haka lissafinmu daban ne.

Kafin ka je wurin mai walda, zauna da biro da takarda ka yi lissafin nauyi. Nan ne aikin yake gyaruwa, nan ne kuma yake ɓaci. Ƙaramar Hijet ɗin nan da ta cika hanyoyinmu, a Japan inda aka ƙera ta kilo 350 aka yarje mata ta ɗauka, wato buhun masara uku da rabi. Na san muna ɗora mata fiye da haka, amma ɗaukar lodi na sa'a biyu daban, nauyin da zai zauna mata a baya dare da rana daban. Hilux da tsohuwar Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna suna ɗaukar kimanin tan guda, su ma dai suna da iyaka. To, duba abin da za ka zuba. Jarka biyu ta ruwa mai lita 25, kilo 50 ke nan. Babban batirin sola ya kai kusan kilo 30. Falankin filawud mai kaurin milimita 12 yana kai wajen kilo 20 kowane ɗaya. Akwatin sifanu, jak, safayar taya, katifa, ƙaramin janareto: kafin a ɗora ƙarfe ko sanda ɗaya ka riga ka cinye kusan rabin ƙarfin Hijet. Abin da ya rage shi ne nauyin da ɗakin zai iya yi, ba ƙari.

Masu waldarmu gwanaye ne, amma hannunsu ya saba da ƙofa da taga da bodin babbar mota, inda kauri shi ne inganci. Idan ka bar shi da ra'ayinsa, zai ɗauko angil mai inci biyu, wanda kowace mita ɗaya tana kai kusan kilo 4, ya ce maka, "Alhaji, wannan har jikoki." Gaskiya ya faɗa, ƙarfen zai kai jikoki, motar ce ba za ta kai ba. Abin da za ka saya a Ƙofar Ruwa shi ne bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai inci ɗaya, wanda mitarsa ba ta wuce kilo ɗaya da ɗoriya ba. Ƙarfin ɗaki daga tokara yake zuwa: a kowace kusurwa a gitta ɗan guntun ƙarfe a karkace, sai ka ga siririn ƙarfe ya tsaya cak ba ya rawa. A rufe jiki da kwano marar kauri, ko alminiyon idan aljihu ya yarda, tun da nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Kafin a rufe, a goge tsatsa a shafa jan fenti, musamman kan gaɓoɓin walda.

Abu biyu ne nake roƙonka kada ka yarda da su ko da mai walda ya rantse. Na farko, kada a yi walda a jikin shasi. Zafin wuta yana raunana ƙarfen, kuma hanyoyin ƙauye masu galan suna murɗa mota, wurin da aka ƙona nan ne zai fara tsagewa. Na biyu, kada a haɗe ɗakin da kan motar. Kai da bodi kowanne da nasa motsin, a bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakaninsu. Da noti za a ɗaure ɗakin, guda huɗu ko shida masu kauri, a sa guntun tsohuwar taya a tsakani don ya shanye girgiza. Amfanin noti ya wuce haka ma. Ran da za ka kai wake ko gyaɗa Dawanau, sai ka kwance, mutum huɗu su zame ɗakin su ɗora shi a kan duro huɗu, mota ta koma akori-kurarta. Duk sanda za a kusanto motar da wutar walda kuma, a fara cire kan batir.

Batun tsayi, a yi ɗakin zama da kwanciya, kada a yi na tsayuwa. Mita ɗaya da 'yan kai daga ciki ta isa. Wanda ya san hanyoyinmu ya san dalili: gona tana manne da gona, burtali ƙunci gare shi, ga rassan gawo da ɗorawa da darbejiya sun sunkuyo, ga wayar wuta da aka ja ƙasa-ƙasa a cikin gari. Doguwar mota kuma saurin kifewa gare ta idan taya ɗaya ta faɗa kwazazzabo. Don haka duk abu mai nauyi, batir da ruwa da akwatin ƙarfe, a ƙasa zai zauna, can gaba kusa da kai, kada ya wuce tayoyin baya. Idan nauyi ya taru a wutsiya, gaban mota yana yin sakayau, sitiyari ya daina jin magana a cikin yashi. Bayan Hijet ya kusa mita 2 a tsawo, faɗinsa wajen mita 1.4, ya isa a yi dogon akwati a gefe ɗaya wanda murfinsa shi ne gado, ɗaya gefen a bar wa kayan aiki. Dabarar da ta fi burge ni ita ce a yi bangon gefe ɗaya mai ɗagawa sama, a tokare shi da sanda biyu. Ka samu rumfa ke nan: a nan za ka kwance inji, a nan za ka yi salla, a nan mai kawo gyara zai zauna.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, don rai ne a ciki. Akwatin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ba wurin kwanan ɗan Adam ba ne sai an yi masa dabara. A shafa farin fenti a rufin, a bar sarari tsakanin kwano da silin, a cusa farin kumfan nan da ake samu a kwalin firji. A buɗe taga biyu masu kallon juna, a sa musu ragar sauro, a kuma bar 'yar kafa a sama wadda ba a rufe ta ko da sanyi. Cikin hunturu ne haɗarin yake, lokacin da mutum zai ji sanyin asuba ya jawo kurfoti ciki ya rufe ƙofa. Garwashi da janareto da salansar mota duk suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da kasala, mutum ya yi barci ya zarce. Gidaje guda sun ƙare ta haka a ƙasar nan saboda janareto. Girki a waje, janareto a nesa ta inda iska ba za ta koro hayaƙin ba, bakin salansa ya fito ta gefe ya wuce jikin ɗakin, kuma kada kowa ya zauna a ciki mota tana tafiya, yaro ne ko babba. Wutar sola ta isa komai: faranti mai wat 100 zai riƙe ƙwan lantarki biyu da fanka da cajin waya. A sa fis dab da kan batir, kuma duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba.

Kafin ka kashe kuɗi, leƙa ofishin VIO ka faɗi abin da kake shirin yi, kada ɗakin ya rufe lamba ko fitilun baya. Idan dare ya yi maka a baƙon gari, nemi mai unguwa ka gabatar da kanka kafin ka shimfiɗa. Zamanin da muke ciki, rufaffiyar mota a bakin gari tana tayar wa mutane da hankali.

Shi kuma shagonka na gida, wanda mota za ta riƙa komawa, shi ne rabin maganar. A ƙasarmu fili tsada gare shi, shagon makaniki sau da yawa zaure ne ko rumfa a jikin katangar gida, taku kaɗan ka shiga gonar maƙwabci. Wuri ƙarami ba ya ɗaukar hargitsi. Samu falanki ka kafa a bango, ka buga ƙusoshi, ka rataye kowace sifana da filaya da guduma, sannan ka zagaye siffar kowacce da fenti. Da magariba kallo ɗaya zai gaya maka lamba 10 ba ta dawo ba, kuma ita ce kullum take ɓata. Kayan mota a shafa musu jan fenti a mariƙi, na shago shuɗi, don kada ka isa Bagwai ka tarar abin da kake nema yana gida. Aro kuwa ba a hana maƙwabci, amma a rubuta sunansa da alli a cikin siffar abin da ya ɗauka. Ba rowa ba ce, shi kansa ya fi samun sauƙin tunawa.

Gwangwanayen madara da na tumatir su ne ma'ajiyar noti, kowane girma da nasa, a ɗaure samfuri ɗaya da waya a jikin gwangwanin don yaron shago da bai iya karatu ba ya gane. Kowane injin da aka kawo gyara a ba shi rabin jarka nasa, duk abin da aka kwance a zuba a ciki, a rubuta sunan mai shi. Katako da kwali a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da danshin Agusta. Fetur kuma ya yi nesa da inda tartsatsi ke tashi, bokitin yashi yana kusa, kuma duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai kada a sa masa wutar walda don an ga babu komai a ciki, tururin da ya rage shi ke fashewa. Yaran unguwa da ke taruwa kallon walda a kore su da lallashi, hasken yana ƙona ido.

Akwai wani dalili na tsabtar shago da ya keɓanta da mu, wanda makanikin birni ba ya tunaninsa. Gonakin nan ana noma su shekara da shekaru ba hutu, abin da ya riƙe su shi ne taki: kashin dabbobi, toka, da sharar gida da ake tarawa a juji, a kwashe a mangala ko amalanke a kai gona kafin damina. Ma'ana, duk abin da ka share daga shagonka ka zuba a juji, gona zai tafi. Guntun waya da ƙusa za su soki ƙafar mai noma, ko saniya ta haɗiye su a cikin harawa su huda mata tumbi. Baƙin mai yana kashe ƙasa, yana kuma iya bin ruwa ya gangara rijiya. Tsohon batir dalma ce da ruwan guba, kuma dalma ta fi yi wa ƙananan yara illa. Don haka sharar shago kada ta haɗu da ta gida. Ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika, ka ɗaura masa igiya, yaro ya ja shi a ƙasa kowace yamma kafin a yi shara, za ka sha mamakin abin da zai kwaso. Guntayen ƙarfe a tara a buhu, 'yan gwangwan suna saye a kan sikeli. Baƙin mai a jarka mai murfi, akwai masu nemansa. Mataccen batir kada a fasa shi a gida, a kai wa masu sayensa yadda yake, a tsaye, ba a zubar da ruwan ba.

Idan an gama ɗakin, kada ka fara da doguwar tafiya. Loda komai kamar yadda za ka fita aiki, ka tsaya a wuri mai daidai ka duba sifirin na baya: in ya miƙe sambal ko taya ta kusa taɓa bodi, rage kaya. Zagaya hanyar ƙauye mai gargada, ka taka birki da ƙarfi sau biyu, ka saurari abin da ke ƙara. Ka dawo ka sake ɗaure kowane noti, bayan mako guda ka kuma bi su, don a makon farko ne suke saki.