Abinci da Cutar Ekzima ga Yara: Matsalar Suna da ta Fassara

Kalmar ekzima tana da ma'ana biyu a Nijeriya. A bakin jama'a ana nufin kyasbi, wato dabbare-dabbaren nan da ƙwayar Malassezia, dangin fumfuna, take haddasawa. A wurin likitoci kuwa ana nufin wani kumburin fata mai naci, mai bushewa da tsananin ƙaiƙayi, wanda kan fara a kumatun jariri, daga baya ya koma lanƙwasar gwiwa da ta hannu. Hausa ta tanadi ƙazwa da makero da ƙora da borin jini, amma babu ɗayansu da ya dace da wannan ciwo. Mai fassarar da ya ce “kyasbi” ya sauya wa mai sauraro cuta ɗungurungum.

Asalin ekzima raunin fata ne wajen riƙe danshi, kuma gado yana da hannu a ciki; a shekarar 2006 aka danganta ta da tawayar ƙwayar halittar filagirin. Shi ya sa takan tsananta da hunturu. Abinci yana iya tayar da ita ga wasu yara, musamman madarar shanu da ƙwai da gyaɗa da alkama, sai dai waɗanda abin ya shafa kusan kashi ɗaya ne bisa uku na masu ciwo matsakaici ko mai tsanani.

Akwai ma hujjar da ta juya tsohon tunani. Binciken LEAP, wanda Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan aka wallafa a 2015, ya bibiyi jarirai 640 masu ekzima mai tsanani ko rashin jituwa da ƙwai. Waɗanda aka fara ba su gyaɗa da wuri sun samu raguwar rashin jituwa da ita da kimanin kashi 80 cikin ɗari. Ke nan hani kansa na iya jawo abin da ake gudu.

A ƙasar Hausa wannan batu yana da nauyi. Kunun gyaɗa da nono da ƙuli-ƙuli su ne gina jikin yaron talaka, kuma abincin da ake jinyar tamowa da shi gyaɗa ce da madara. Idan shirin rediyo ya ce “gyaɗa tana kawo ƙuraje” ba tare da kalmar “wasu” ba, uwa tana iya janye kunun daga yaron da ba shi da matsala da shi. A ra'ayin wannan nazari, gara a aro “ekzima” a bi ta da bayanin alamominta, a kuma fayyace cewa likita ne kaɗai zai yanke a daina ba yaro wani abinci, bayan gwaji.