Yadda Mai Gida Zai Sayi Tukunya da Kifi

Ya kai mai karatu, ka san a ƙasarmu mace ke girki, amma galibi namiji ke cefane. Abin da ka ɗauko a kasuwa shi za ta ɗora bisa murhu. Ba ta da ikon mai da ruɓaɓɓen kifi sabo, ba ta kuwa iya ɗinke tukunyar da ta tsage tun a wurin gashi. Saboda haka rabin daɗin tuwo da miya a hannunka yake tun ba a hura wuta ba. Ran da za ka aurar da 'yarka kuma, kai ne za ka fid da kuɗin kayan ɗaki. To, bari mu duba tukunya da kifin da ake sa mata, gama a kansu araha takan ruɗi mutum ƙwarai.

Mu fara da tukunyar ƙasa, don ita ce uwar tukwane. In za ka saya, ka ɗaga ta da hannu ɗaya, ka ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Kadan ta yi ƙara garau, ta gasu. Kadan kuwa ƙarar ta mutu nan take, kamar ka bugi itace, to, ko dai wuta ba ta ishe ta ba, ko akwai tsaga inda ido bai kai ba. Baƙin tabon da kake gani a jikinta ba aibi ba ne, hayaƙin gashi ne. In ka kai ta gida a cika ta da ruwa ta kwana, a ga ko tana yoyo, sa'an nan ran fari a soma mata da wuta kaɗan kaɗan.

Kada ka raina ta don yumɓu ce. Ɗauko takardar naira 20 ka juya bayanta, za ka ga wata mace tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, mutuniyar Kwali a ƙasar Gwari. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Har Ingila da Amurka ta je ta gina tukunya a gaban jama'a, ta rasu a 1984.

Sai langa da samira. Waɗannan baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da wani abu mai kama da gilashi. Muddin lulluɓin na nan lafiya lau suke, amma in ya ɓantale ta ciki sai tsatsa ta kama wurin, ba da jimawa ba ya huje. Ka shafa cikin kwanon da yatsa, ka duba baki da gindi. In an ce za a rage maka kuɗi don ɓantara kaɗan ce, ka dubi inda take: ta waje ado kawai ta ɓata, ta ciki kuwa kwanan kwanon ta rage.

Yanzu fa mun zo kan wadda ta fi bukatar lura, watau tukunyar nan mai kauri da maƙeranmu ke zubawa. Mutane da yawa na ce mata tukunyar dalma, ko da yake ainihin ƙarfenta alminiyam ne, wanda ake kira sanholo ko goran ruwa. Maƙeri yakan tara tsofaffin ƙarafa, gwangwanayen lemo da matattun tukwane da kayan injin mota, ya narke su. Alminiyam na narkewa in zafi ya kai 660 a ma'auni, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Sai ya danna siffar tukunya cikin damshin ƙasa, ya tsiyaya narkakken ƙarfen, ya bari ya huce. Sana'a ce ta hikima, ta kuwa rufa wa talaka asiri, gama tukunyar na da ƙarko, tana jure wutar icce da tuƙin muciya shekara da shekaru.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Dalma ta gaskiya wani ƙarfe ne dabam, mai nauyi, mai taushi, irin na cikin batirin mota, kuma guba ce. Waɗansu tsofaffin kayan inji suna ɗauke da ita, in aka narke su tare sai ta shige jikin tukunya. A 2014 waɗansu masana na Amurka da na Kamaru suka sayi irin tukwanen nan a kasuwannin Kamaru, suka tafasa ruwa mai tsami a ciki, suka auna, sai suka tarar dalma ta fito cikin ruwan. A 2017 aka sake gwaji da tukwanen alminiyam 42 daga ƙasashe 10, aka sami 15 da suka zubo da dalma yadda ma'auni ya nuna sarai. Ka ga ba kowace tukunya ke da ita ba, amma ido ba ya rarrabe mai ita da marar ita, harshe ma ba ya ji.

Me dalma ke yi wa mutum? Ba ta kayar da shi ran da ya ci. Taruwa take yi a jiki sannu sannu, ta fi kuwa cutar yara ƙanana da mata masu ciki. Takan rage jini, ta dakushe ƙwaƙwalwar yaro har karatu ya yi masa wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani gwargwado na dalma a jiki da za a ce ba ya cutarwa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Wancan ba daga tukunya ba ne, daga ƙurar duwatsun zinariya ne da ake niƙawa cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce.

Ba cewa muke yi ka zubar da tukwanen gidanka yau ba. Abin da za ka iya shi ne wannan. In wurin maƙeri za ka saya, ka tambaye shi irin ƙarfen da ya narke, ka fi son wanda ba ya haɗawa da kayan inji. Tsami shi ke jawo ƙarfe daga jikin tukunya, saboda haka kunun tsamiya da zoɓo da miyar yakuwa da duk abin da tumatir ya yi wa yawa, gara a dafa su a tukunyar ƙasa, ko a ta farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Kanwa ma tana cin alminiyam. Kada a bar miya ta kwana a ciki, a juye ta wani mazubi. In cikin tukunya ya yi ramuka ramuka, ta gama aikin girki, a mai da ita ta ɗumama ruwan wanka.

Tun da ka koyi lissafi, ga wurin amfani da shi. A ce ga tukunya marar kauri ta naira 4,000 wadda ke hujewa cikin shekara guda, ga kuma mai kauri ta naira 12,000 wadda ke kai shekara 6. In ka bi ta arahar, cikin shekara 6 ka sayi guda 6, ka kashe naira 24,000, ninki biyu ke nan na mai tsadar. Ban da tuwon da zai riƙa kamawa a gindinta, da faɗan da za ka sha a gida.

Game da ciniki kuwa, kada ka tsaya a rumfar farko. Ka zaga uku ko huɗu ka ji kuɗin abu, sa'an nan ka komo. Ka gama duba kaya sarai kafin ka taya, gama bayan an sallama maka ba kyau ka ce ka fasa. Ka ce, "Baba, nawa wannan?" In ya faɗi, ka taya ƙasa da haka, amma ba tayin wulakanci ba. Ya ce, "Albarka." Ka ƙara kaɗan. In ya sake cewa albarka, kuɗinka kuwa ya kai iyaka, ka ce, "Allah ya ba da kasuwa," ka juya. In da sauran riba a tayinka zai kira ka. In bai kira ba, ka san ka taya ƙasa da abin da ya sayo. Abin da za ka ji tsoro shi ne sallamar da ta zo da wuri. Wanda ka taya rabin kuɗi ya ce kawo tun ba ka rufe baki ba, ka sake juya kayan nan ka duba.

To, ga tukunya ta samu, saura kifi. Na ruwayenmu ka san su: tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa da kurungu, da giwan ruwa, babbansu, wanda masunta ke gasar kamawa a bikin su na Argungu, bikin da aka soma a 1934. Ɗanyen kifi mai kyau idonsa garau yake, a cike, bai faɗa ba. Ka ɗaga marfin nan na gefen kansa ka leƙa: in ciki ja ne wur, sabo ne, in ya yi fari fari ko ruwan ƙasa, yana yauƙi, ya kwana biyu. Ka danna tsokar da yatsa, ta kirki takan taso nan da nan. Ka kuma rarrabe ƙarni da wari. Kowane kifi na da ƙarni, amma wari alamar ruɓa ce, yaji da daddawa ba su gyara shi. Da yamma kifi kan yi araha, don mai shi na tsoron ya kwana a hannunsa. In idon da tsokar sun nuna lafiya, ka saya, a dafa a daren. In ba haka ba, ka bar masa abinsa.

Kifin ƙanƙara daga teku yake zuwa cikin kwali, waɗansu daga tekunan Turai masu sanyi, kamar wanda ake kira Titus. Lafiyarsa duk a sanyi take. Ka nemi wanda ya daskare kamar dutse. Wanda ya saki ya yi laushi, ko ka ga jini ya daskare a gindin kwali, alama ce ya narke an sake daskarar da shi. Titus da 'yan'uwansa in suka daɗe cikin zafi sukan haifar da wata guba a tsokarsu, mai sa fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, ciki ya ɓaci, jim kaɗan bayan an ci. Ka riƙe wannan da kyau: tafasa da suya ba su kashe gubar nan.

Busasshen kifi, watau banda, shi ne na mutanen da ke nesa da ruwa, ta Tafkin Chadi kuwa ta yi suna har kudu. Maƙiyinta ƙwaro ne. Ka roƙi mai ita ya karya maka guda. In ciki ya yi gari, ko ka ga tsutsa, ƙaya da fata za ka saya. In ta yi laushi da danshi, ba ta bushe ba, ruwa za ka biya, kuma za ta yi fumfuna. Akwai abin da ya fi wannan muni. Waɗansu marasa tsoron Allah sukan yayyafa mata maganin ƙwari, irin su fiya-fiya, don kada ƙwaro ya ci musu jari. Hukumar NAFDAC, mai lura da abinci da magunguna a Nijeriya, ta sha gargaɗi a kan haka. Ka kai ta hanci ka sansana. Banda ta gari ƙanshin hayaƙi take yi. In ka ji warin magani, ko ka ga ƙuda ya cika tiren maƙwabci amma ko ɗaya bai sauka a wannan ba, ka yi zargi, ka wuce. Wadda ka saya ma a jiƙa ta da ruwan zafi a wanke sosai kafin ta shiga miya.

Wata rana tafiya za ta kai ka birni, ka shiga inda ake gasa kifi ana sayarwa. A Abuja da Ikko, watau Legas, akwai wuraren da ake ajiye tarwaɗa da rai cikin baho, ka nuna wadda kake so, a yanka a dafa maka da barkono. A bakin teku kuma za ka ga ƙaguwa da jatan lande da waɗansu halittun ruwa da ba ka saba gani ba. A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, abin da ke zaune cikin teku halal ne. Sai dai irin waɗannan sun fi kifi saurin lalacewa, waɗansu mutane kuma jikinsu ba ya karɓarsu, don haka ran fari ka ɗanɗana kaɗan. Ka nuna kifin da ke motsi da ƙarfi, ba wanda ya kwanta a gindin baho ba. Ka yi ciniki tun wuƙa ba ta hau shi ba, ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da dankali da yajin da za a kawo tare, gama bayan ya shiga ciki ba sauran taya da albarka. In an kawo, ka buɗe wajen ƙashin baya ka duba. Tsokar da ta nuna fara ce, tana rabuwa da ƙashi da sauƙi. In ka ga jini jini a wurin, ka ce a mai da shi wuta.